Wai don littafin sihiri ne, sai a raina min hankali?

Na ga abin da aka rubuto min a ƙarƙashin ƙorafin da na yi shekaranjiya, cewa marubucin wani littafin sihiri ya karya dokar da ya kafa wa labarinsa da kansa. Na so in ƙyale, wallahi na so, amma abin ya ƙi sauka daga raina. Wani bawan Allah da ban taɓa jin ya ce uffan a kan wani littafi ba, shi ne ya zo yana min nasiha: "Haba malam, ai littafin sihiri ne, komai yana iya faruwa." Har da 'yar fuskar dariya a ƙarshe. Mutum goma sha ɗaya suka danna masa alamar so. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kuma uku daga ciki ina ganin girmansu.

A'a yallaɓai, ba komai ne yake iya faruwa ba. Abin da marubuci ya ce yana iya faruwa, shi ne yake iya faruwa. In ya kafa doka da bakinsa, ta hau kansa kafin ta hau kan kowa.

Kun san littafin, ba sai na kama suna ba, wata biyu ke nan kuna cika min akwatin saƙo da shi. Na karanta, dare huɗu ban yi barcin kirki ba. Kuma a rabin farko babu wanda ya kai ni yabon marubucin nan. Shi da kansa ya gaya mana tun a babi na 3 cewa rijiyar da ake bi a tsallaka wata duniyar ba ta karɓar zinare, ba ta karɓar jini. Abu ɗaya take cirewa daga cikin abin da mutum yake tunawa, kuma ita take zaɓa. Ku tuna tsallakawa ta biyu da yarinyar, jarumar littafin, ta yi. Ta fito daga rijiya tufafinta a bushe, ta zauna a bakin dutse tana so ta rera waƙar da mahaifiyarta take yi mata tana ƙarama. Leɓenta yana motsi, babu abin da yake fitowa. Ta san akwai waƙa, ta san inda waƙar take zaune a ranta, sai dai wurin ya zama kamar gurbin haƙorin da aka cire, harshe yana ta komawa yana lalube. A nan na kife littafin a ƙirji na yi shiru. Na ce yau na gamu da wanda ya san abin da yake yi.

Sai babi na 31, ƙanenta ya mutu. Mutuwar da ta amsa sunanta, ya tsaya ya tare ƙofa don ita ta samu ta tsere. Na zubar da hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Babi shida ana makoki, ana nuna mana ta kasa taɓa takalmansa da ya bari a bakin ɗaki.

Babi na 38 kuwa? Ta faɗa rijiya, ta ɓulla a duniya ta huɗu, ta tarar da irin ƙanen nata na waccan duniyar yana zaune lafiya lau, da tabon goshinsa da komai, ta kamo hannunsa suka dawo gida. Me rijiyar ta karɓa? Na koma baya shafi uku na sake bi a hankali, ko idona ne ya tsallake. Babu. Ko ƙwayar zarra ba ta karɓa ba. Mutum biyu suka wuce kyauta. Ashe ranar rijiyar tana rangwame ne ba mu sani ba.

Wannan shi ne ƙorafin da na yi: ka sa ni na biya da hawayena, jarumarka ba ta biya da komai ba. Ka ci ladan kuturu ka ƙi yi masa aski.

Masu cewa komai yana iya faruwa, ku je ku duba waɗanda suka riga shi bin wannan hanya. Marubuci Philip Pullman na Ingila, a jerin littattafansa guda uku, ya ba yaron labarinsa wuƙar da take yanka taga tsakanin duniyoyi, amma a littafi na uku, wanda ya fito a 2000, sai muka gano duk tagar da aka yanka tana haifar da wani mugun abu mai cinye ran manya, kuma mutum ba ya daɗewa da rai a duniyar da ba tasa ba. Shi ya sa yaron da yarinyar da yake so, wadda ta fito daga wata duniyar, suka rabu, kowa ya koma tasa, aka rufe tagogin. Ya so su, mu ma mun so su, amma bai karya dokarsa don ya share mana hawaye ba. Marubuci Brandon Sanderson na Amurka ma ya rubuta ƙa'ida a kan wannan tun 2007, ma'anarta ita ce gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin, gwargwadon yadda marubuci yake da damar warware matsala da shi. To mu mun fahimci rijiyar nan sarai. Marubucin ne ya yi kamar ya manta.

Ko a tatsuniya, Gizo yana yin dabararsa, amma ka taɓa jin ya ci bulus har ƙurunƙus ba tare da wani abu ya biyo baya ba? Yaro ɗan shekara shida zai tsayar da kai ya ce ba haka ake yi ba.

Wata kuma ta kawo min kimiyya, wai ai masana sun ce akwai duniyoyi barkatai. Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Masanin kimiyya Hugh Everett ne ya kawo wannan ra'ayi a 1957, kuma har yau ra'ayi ne da ake jayayya a kansa. Ko a wurinsa ma, rassan duniyar in sun rabu sun rabu ke nan, ba a leƙawa daga wannan zuwa wancan, balle a je a ɗauko ƙane kamar an je ɗaukar kaya a ajiya. Kuma ni ban nemi littafin ya bi Everett ba. Babi na 3 na ce ya bi.

Mai cewa in na isa in rubuta nawa, ba sai na iya ƙira ba kafin in gane wuƙa ba ta yanka. Mu wuce.

Abin da ya fi ci min rai ma ban faɗe shi ba tukuna. Yaron nan da aka ɗauko, ai yana da tasa yayar a can. Jumla ɗaya aka ba ta, wai tana tsaye a bakin taga tana kallo. Shi ke nan. An raba ta da ƙanenta da rai, an mai da makokin wata ya zama nata, kuma littafin yana kaɗa mana ganga wai mu yi murna. Duk wanda ya taɓa binne ɗan'uwansa ya san abin da ake kewa. Faɗan da kuka yi kuka shirya, sirrin da ku biyu kaɗai kuka sani, ranar da ya rufa maka asiri a gaban iyaye. Wancan yaron bai tare ƙofa don kowa ba. Bai san an yi ba. Da marubucin ya bar su sun zauna a ɗaki ɗaya, tana kallon fuskar da ta sani a jikin baƙo, yana tambayarta yaushe za a mai da shi gida, da na yafe masa har kyautar rijiyar. Labarin yana nan a gabansa, ya tsallake shi ya tafi bikin naɗin sarauta.

Kuma an ce min akwai littafi na biyu yana zuwa. Madalla. Yanzu duk wanda aka kashe a ciki sai in gyara zama in ci gaba da karatu, tunda na san akwai irinsa a duniya ta biyar da ta shida suna jiran a zo a ɗauka.

Af, tunda muna kan maganar, wa ya zana taswirar da ke farkon littafin? Ku buɗe ku duba kogin da ke gefen hagu. Ya taso daga teku, ya ratsa daji, ya hau kan tsauni ya ƙare a can. Tun daren farko nake kallonsa ina jiran a zo wurin da za a ce sihiri ne ya juya shi. Har na rufe littafin babu wanda ya je kogin ko sau ɗaya.