Silin waya ba gyara ba ne

Kun dai ga bidiyon nan na mai gyaran da ya haɗa ƙonannen layin tagulla na allon cikin inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir ta gida) da silin waya guda, ya kunna ƙwan fitila, jama'a na ta tafi ana "injiniya, injiniya!" Sannu injiniya, Allah ya ƙara basira. Mai kayan kuwa gobara ya biya wa kuɗi ya goyo ta a babur zuwa gida.

Layin nan ba aljani ya ƙona shi ba, wuta ce ta fi ƙarfin faɗinsa. Tagullar da ke shimfiɗe a kan yawancin allunan nan kaurinta maikiron 35 ne kacal (maikiron dubu ne milimita ɗaya), saboda haka faɗi ne ke ɗaukar nauyi. A lissafin IPC-2221, ƙa'idar masu ƙera irin waɗannan alluna, layin da ke saman allo mai faɗin milimita 1 yana ɗaukar amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) 2 da 'yan kai, in ana so zafinsa kada ya ƙaru fiye da digiri 10. Amfiya 10 sai wajen milimita 7. Amfiya 20 kuwa ba 14 ba, kusan 19. To inbata mai wat 1000 a batirin volt 12, in an cika mata kaya, tana jan fiye da amfiya 80. Shi ya sa kamfani ke faɗaɗa wurin, ya shimfiɗa tagulla gaba da baya, ya labta dalma a kai. Kai kuma ka zo da silin waya!

"Ai ya kama." Da ƙwan wat 10 da ko amfiya ɗaya ba ya ja? A jona firji mu gani. In wuta ta ninka biyu, zafi huɗu yake ninkawa, kuma a Marwa ta Kamaru muke, inda watan Afrilu ke wuce digiri 40 tun kafin a shiga ɗakin kwano.

"Talaka ba shi da kuɗin sabuwa." Wa ya ce a sayi sabuwa? Nawa ne taƙi ɗaya na waya mai kauri? Ku daina fakewa da talaka, shi ne ke kwana kusa da batirin da 'ya'yansa.

Tsakani da Allah, 'yan'uwana masu gyara, ina ganin girman sana'arku, da hannunku gidaje da yawa ke ganin haske daga Marwa har Kusiri. Amma ku duba faɗin layin da ya ƙone, ku sa waya da ta kai shi ko ta fi. Ku binciki abin da ya jawo ƙunar, sau da yawa taransista ce, 'yar na'urar da ke buɗe wuta da rufe ta, ta mutu ta haɗe wuta. Fiyus kuma a mayar da fiyus daidai lambarsa, shi aka yi don ya ƙone.

Af, ku kuma masu lulluɓe inbata da zani wai don ƙurar hunturu, har da ɗora mata tukunyar turare a kai, Hajiya, fankar da ke ciki ta ina kuke so ta sha iska?