Na aiki ɗana sayen burodi, motar 'yan sanda ta dawo min da shi

Ranar wata Asabar ce a watan Oktoba, da hantsi. Maman yara ta ce burodi ya ƙare, madara ma saura kaɗan. Na kira babban ɗana, shekararsa goma, na miƙa masa dala goma na ce ya je shagon gidan mai da ke bakin babban titi. Tafiyar ba ta wuce minti goma a ƙafa, akwai hanyar masu ƙafa tun daga ƙofar gidanmu har can, titi ɗaya kacal zai tsallaka, shi ma da danja. Mun sha bin hanyar tare. Ya sa rigar sanyi ya fita yana murna, don ranar ce karon farko da na aike shi shi kaɗai tun zuwanmu jihar Ohayo ta Amurka.

Bayan kamar rabin awa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina buɗewa na ga ɗan sanda a tsaye, motarsa a bakin gida, ɗana a kujerar baya. Ledar burodi tana kan cinyarsa, ya dunƙule canjin a hannu ɗaya, bai ko sa shi a aljihu ba. Gabana ya yanke ya faɗi. A jihar nan ce, a birnin Kilibilan, ɗan sanda ya harbe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 12 a 2014 saboda bindigar wasa, kuma duk uba mai fata irin tawa yana ɗauke da wannan labarin a ransa.

Ɗan sandan bai ɗaga murya ba, zan faɗi gaskiyarsa. Ya ce wani ne ya buga 911, lambar kiran gaggawa, ya ce ya ga ƙaramin yaro yana tafe babu babba. Ya rubuta sunana da na uwar yaron, ya tafi. Kwana goma sha ɗaya bayan haka wata mata ta zo daga hukumar kula da yara. Ta buɗe firjinmu ta duba, ta shiga ɗakin kwanan yara, ta nemi mu fita ta yi magana da yaron ita kaɗai. Daga baya takarda ta zo cewa an rufe maganar. A wurinsu ta rufu. A daren ranar da matar ta zo, yaron ya same ni a falo ya ce, “Abba, laifi na yi?” Na ce masa a'a, amma na ga bai yarda ba.

Ban riƙe ɗan sandan a raina ba, aikinsa ya yi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya buga wayar nan a layinmu yake ko na bayanmu, ya ga yaro da leda a hannu, bai sauke gilashin mota ya ce yaro ina gidanku ba, bai tako ƙofata ba. Har yau ban san ko wane ne ba. Wataƙila yana cikin masu ɗago min hannu kullum da safe.

Bari in kwatanta muku irin unguwar nan, don wanda bai gani ba zai yi zaton ƙari nake. Gidaje ne a jere, kowanne da filin ciyawa a gaba an aske ta sumul, babu katanga babu zaure. Mutum yana dawowa daga aiki zai danna wani ɗan maɓalli daga cikin mota, ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, ya shige, ta sauko. Ba za ka sake ganinsa ba sai gobe. A jikin ƙararrawar ƙofar kusan kowane gida akwai kyamara, duk wanda ya gifta sai hotonsa ya faɗo a wayar mai gidan. Da safe doguwar motar makaranta mai ruwan ɗorawa tana zuwa, ta fito da wani jan allo daga gefenta, duk motocin titi su tsaya cak. Inda take ɗaukar yaran bai kai taku ɗari daga gidajensu ba, amma za ka ga iyaye a cikin motoci sun kawo su suna jira. Idan yaro yana son wasa da ɗan maƙwabta, uwa ce za ta tura wa uwa saƙo a tsayar da rana da lokaci, a kai shi, a je a ɗauko shi. Akwai filin wasa a ƙarshen layinmu, da lilo da komai. Sau tari in na wuce ba kowa a ciki.

Akwai kuma ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, wadda duk wanda ya sayi gida a nan dole ya shiga ya riƙa biyan kuɗi. Ita ke faɗin fentin da za ka yi wa ƙofarka da tsawon da ciyawarka za ta kai. Mun taɓa samun takardar gargaɗi saboda maman yara ta ɗaura igiyar shanya a bayan gida. Sama da mutum miliyan 70 ne a Amurka ke zaune a ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi.

Wani dattijo Bature ne a gidan da ke kallon nawa, ya haura saba'in, matarsa ta rasu. Shi kaɗai ne ya tsallako bayan abin ya faru. Ya ce yana ɗan shekara goma sha ɗaya yake tashi da asuba ya zagaya unguwa a keke yana rarraba jarida, ranar Juma'a ya bi gida gida ya karɓo kuɗi. Lokacin hutu uwarsu takan kore su waje bayan karin kumallo, sharaɗi ɗaya ne, su dawo in fitilun titi sun kama. Jikansa kuwa shekararsa goma sha bakwai, bai damu da koyon mota ba, abokansa suna cikin waya. Yana maganar yana girgiza kai, ya ce ba wanda ya ƙwace musu komai, su suka miƙa da hannunsu.

Na je na bincika don in tabbatar ba kewar ƙuruciya ce kawai ke damun tsohon ba. A 1969 kusan rabin yaran firamare da ƙaramar sakandare a Amurka da ƙafa ko keke suke zuwa makaranta. A 2009 saura kashi 13 cikin 100. A 1983 kashi 46 cikin 100 na 'yan shekara 16 suna da lasisin tuƙi, abin da a nan shi ne alamar yaro ya fara zama mutum, amma a 2014 ba su kai kashi 25 ba. Kuma ba wai ƙasar ta ƙara haɗari ba ne, don manyan laifuffuka sun ragu da kusan rabi daga inda suka kai a farkon shekarun 1990. Tsoro ne ya ƙaru. Ya samo asali daga wasu abubuwa masu ban tausayi da suka faru da gaske: ɓatan wani yaro ɗan shekara 6 a Niyok a 1979 a kan hanyarsa ta zuwa hawa motar makaranta, da kisan wani a Fulorida a 1981. Daga nan aka fara buga hotunan yaran da suka ɓata a jikin kwalin madara, kowane gida ya karya kumallo yana kallon fuskar ɗan wani. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Yaran da suka tashi da kwalayen nan su ne iyayen yau, su ne kuma masu buga 911.

Ashe ma ni da sauƙi na sha. A 2008 wata 'yar jarida, Lenore Skenazy, ta bar ɗanta mai shekara 9 ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na Niyok shi kaɗai ya dawo gida, ta rubuta labarin, aka yi mata laƙabi da uwar da ta fi kowace lalacewa a Amurka. A 2024 a jihar Jojiya an sa wa wata uwa ankwa a gaban 'ya'yanta saboda ɗanta mai shekara 10 ya taka zuwa cikin gari, tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba. Abin ya kai sai da jihar Yuta ta yi doka a 2018 cewa barin yaro ya je makaranta ko ya yi wasa a waje shi kaɗai ba sakaci ba ne, wasu jihohi irin su Tekzas da Kolorado suka biyo baya. Ƙasar da mutanenta suka riƙa ɗora iyali a keken doki suna nausawa yamma don filin noma eka 160 da wata dokar 1862 ta yi musu alƙawari, yau sai majalisa ta zauna kafin yaro ya je sayen alawa.

Manya ma abin bai bar su ba. A shekarun 1950 ma'aikaci ɗaya cikin ashirin ne ke buƙatar lasisin gwamnati kafin ya yi sana'arsa, yanzu sun haura ɗaya cikin biyar. 'Yan'uwanmu mata daga Afirka ta Yamma sun sha wannan, don an daɗe a jihohi da yawa mace ba ta da ikon yin kitso a biya ta sai ta yi ɗaruruwan awoyi a makarantar gyaran gashi da ba a ma koyar da kitso a cikinta. A da mutum ɗaya cikin biyar ke sauya wurin zama kowace shekara, yanzu ba su kai ɗaya cikin goma ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari, na sani. Wani abokin aikina baƙar fata ya ji ina yabon zamanin dattijon nan, ya ce min a wancan lokacin kakarsa ba ta da ikon zama a gaban bas a Alabama, sai a 1964 da 1965 aka yi dokokin da suka ba su haƙƙinsu. Gaskiyarsa. Kuma ni kaina a nan nake zagin manufar shugaban ƙasa a bainar jama'a in kwana a gadona, nake fita sallar Juma'a daga wurin aiki ba mai hana ni. Ban raina wannan ba. Na kuma san abin da wasunku za su ce: kai da ka fito daga Katsina, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, kai ne za ka yi wa wasu wa'azin 'yancin yara? Da almajiran da ke kwana a tasha fa? Na ji. Amma namu 'yan bindiga ne suka hana yara fita, muna kuka da abin, muna kiransa masifa. Su a nan lafiya lau ake zaune suka kulle 'ya'yansu, kuma suna ganin tarbiyya ce.

Ba sai na ba ku labarin yadda muka tashi ba. Ina ɗan shekara bakwai nake kai niƙa, ina ɗan tara nake kai abinci gona. Abin da ban gane ba sai a nan shi ne ban taɓa tafiya ni kaɗai ba. Mai shayi ya san ni, tela ya san ni, dattawan da ke kan dakali sun san ɗan gidan wa ne. Ranar da na tsaya kallon 'yan langa da ƙullin niƙa a kai, wani tsoho da ban san sunansa ba ya kama kunnena har ƙofar gida, mahaifina ya yi masa godiya. A lokacin haushi na ji. Yau da zan samu mutum ɗaya a layin nan da zai ja kunnen ɗana ya kawo min shi, da na yi masa godiyar da ta fi ta mahaifina. Idanu ma sun fi yawa a nan, kowace ƙofa da nata, sai dai babu wanda ya san yaron a cikinsu. Ina ganin nan ne 'yancin Amurkawa ya zube. Da maƙwabtaka ta mutu, sai hukuma ta gaji aikin maƙwabci, ita kuwa ba ta san jan kunne ba, fayil take buɗewa.

Na kira Hajiya a waya na ba ta labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, “To duk unguwar ba wanda ya san ɗan waye?” Na ce babu. Ta ce Allah Ya kyauta. Na ce ina tunanin kawo yaran hutu su yi wata biyu a wurinta, su koyi aike, su san dangi. Ta ce in dakata tukuna, hanya ba ta da kyau bana, ko jikokinta na gida ba ta bari su kai magariba a waje. Na daɗe riƙe da wayar bayan mun yi sallama. Shekara goma sha uku ke nan ina gaya wa kaina cewa akwai inda zan mayar da su in abin ya ishe ni.

Makon jiya maman yara ta yi dambun shinkafa, na ce a zuba wa dattijon nan a kwano. Na kira yaron na ce ya kai masa. Tsallaka layi ne kawai, gidan ga shi muna kallo. Ya karɓi kwanon ya tsaya, ya ce, “Abba, za ka tsaya a ƙofa kana kallona?” Na ce zan tsaya. Ya waiwayo sau biyu kafin ya kai. Tsohon ya fito ya karɓa, ya zaunar da shi a kan matakala suna hira, ni kuma ina tsaye a ƙofar har ya dawo da kwanon.