Salkadamna: a sa na'urar wankin hayaƙi tun daga tushe

Duk ɗan Maradi ya san yadda muka sha duhu a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin wuta, masu sayar da ƙanƙara da teloli suka zauna hannu rabbana. Shi ya sa in aka ce za a gina tashar kwal a Salkadamna can jihar Tawa, ba wanda zai ce a'a, ni ma ban ce ba. Amma kafin a zuba harsashi ina so a tambayi abu guda: hayaƙin fa, ina za a kai shi?

Kwal akwai farar wuta a cikinsa, in ya ƙone sai ta fita da hayaƙi ta zama iskar da masana ke kira SO2. Ita ce mai shaƙe maƙogwaro, ta tada wa masu fuka ciwonsu, in ta haɗu da danshin sama kuma ta sauko da ruwa mai tsami. Mutanen Landan sun ga ta kansu a Disamban 1952, hayaƙin kwal ya lulluɓe gari kwanaki, dubban mutane suka mutu. Mu da ƙurar hunturu ta riga ta gama da ƙirazanmu, a ƙara mana wannan?

Maganin ba sabo ba ne, tun shekarun 1930 tashar Battersea ta Landan ta fara wanke hayaƙinta da ruwa. Yadda ake yi yanzu, a niƙa dutsen farar ƙasa a dama da ruwa kamar kunu, a riƙa fesa shi daga sama cikin wata doguwar hasumiya, hayaƙi na hawa kunun na saukowa, nan farar ƙasar za ta kama iskar, sama da kashi 90 cikin ɗari ta tafi. Sai a hura iska cikin abin da ya taru a ƙasa ya koma jifsum, wanda masu siminti ke saye da kuɗinsu. To Malbaza mai masana'antar siminti ba a jihar Tawa take ba? Dutsen yana nan kusa, mai sayen jifsum ɗin ma yana kusa, wannan ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Na san abin da za a ce, tsada. Gaskiya ne akwai tsada, na'urar tana cin wani ɓangare na wutar da tashar ta samar, kuma tana shan ruwa ba kaɗan ba, a ƙasar da mata ke kwana bakin rijiya wannan ba ƙaramar magana ba ce, dole a faɗa mana daga ina ruwan zai fito da inda gurɓataccensa zai zuba. Iskar kabon mai ɗumama duniya ma ba ta kama ta, kar wani ya yaudare mu da haka.

Sai dai liƙa na'urar bayan an gama gini ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma mun san halinmu da "sai daga baya". A rubuta ta cikin kwangila tun yau, a nuna wa mutanen karkarar da za su kwana ƙarƙashin hayaƙin takardar su gani.