"Dear Sir" ba "Querido señor" ba ne

Masu fassara daga Turanci zuwa Sifaniyanci sukan ɗauka cewa kowace kalmar girmamawa tana da takwararta daidai wa daida. A nan ake yin tuntuɓe. Ƙamus zai ba ka "querido" a madadin "dear", amma wannan kalmar ta 'yan uwa ce da abokai da masoya. Ka rubuta wa manajan banki ita, ka zaƙe. A wasiƙar aiki "Estimado señor" ake sawa, ko "Estimada señora" in mace ce, a bi shi da ɗigo biyu (:), ba waƙafi ba.

Sai batun suna. "Señor" da sunan dangi yake tafiya. "Don" da "doña" kuwa sunan yanka suke bi, kamar yadda muke cewa Malam Musa: don Pedro, doña María. Mutanen Sifaniya suna da sunan dangi biyu, yawanci na uba a gaba, na uwa a baya, kuma na farkon ake kira. Misali, ɗan siyasar Sifaniya Pedro Sánchez Pérez-Castejón "señor Sánchez" ne. Wanda ya saba da Turanci sai ya cafko na ƙarshe, ya kira mutum da sunan dangin mahaifiyarsa.

Turanci "you" kawai gare shi, don haka dole mai fassara ya zaɓa: "tú" ga tsara da yara, "usted" ga babba ko baƙo. Aikatau ma yana canjawa: wajen tambayar "yaya kake?", "¿cómo estás?" ya koma "¿cómo está usted?". Ita "Ms.", laƙabin da Turanci ke yi wa mace ba tare da nuna ko tana da aure ba, ba ta da takwara, "señora" ake sawa.