Ba Lugga Ne Ya Jagoranci Yaƙin Kano Ba

Mutane da yawa sun ɗauka Gwamna Lugga ne da kansa ya ja sojoji ya ci Kano a 1903. Ba abin mamaki ba ne, tunda shi ne Babban Kwamishinan Arewa a lokacin, shi ya ba da umarnin yaƙin, kuma sunansa ake koya wa yara a makaranta.

Amma wanda ya jagoranci dakarun a fagen fama shi ne Kanar Thomas Morland. Ya taso da su daga Zariya a ƙarshen Janairu, suka yi arangama a Bebeji, sannan suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Yawancin sojojin baƙar fata ne, cikinsu har da Hausawa. Turawan da ke cikinsu kuwa hafsoshi ne kawai da ƙananan hafsoshi. Lugga ya iso ne bayan an gama. Haka ma aka yi a Sakkwato: an yi yaƙin ranar 15 ga Maris, shi kuma ya zo bayan 'yan kwanaki ya naɗa sabon Sarkin Musulmi.

Aikin Lugga mulki ne da siyasa, Morland kuwa soja ne zalla. An haife shi a Kanada a 1865. Bayan ya bar Nijeriya ya jagoranci babbar runduna a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kai janar, ya riƙe sojojin Ingila da ke Jamus daga 1920 zuwa 1922. Ya rasu a 1925.