Kafin ka ce wane ya fi kowa a ƙwallon kwando, fito da mudunka

Daren 7 ga Fabrairun 2023, a birnin Los Angeles, aka tsayar da wasa ana tsakiyar yi. Dattijo Kareem Abdul-Jabbar ya taso daga kujerarsa ya miƙa wa LeBron James ƙwallo, alamar ya sauka daga kan karagar da ya shafe kusan shekara 39 a kanta. Maki 38,387 da Kareem ya tara a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, waɗanda aka daɗe ana ganin babu mai kamo su, an wuce su. A agogon Najeriya asuba ce ta yi, kuma kafin masu shayi su kwashe tebur gardama ta riga ta kaure a Facebook da zaurukan WhatsApp: shi ke nan LeBron ya zama gwanin gwanaye, ko har yanzu Michael Jordan ne? Samarinmu ma sun ari kalmar Turancin nan da idan aka taƙaita ta take komawa sunan akuya, wato GOAT, wanda ya fi kowa a tarihi, kowa yana liƙa wa nasa.

Na daɗe ina sauraron wannan musu, kuma abin da na lura shi ne kusan kowa yana fara zaɓar gwaninsa ne, daga baya ya je neman ma'aunin da zai ɗaga shi. Kamar ɗan kasuwar hatsin da ke ajiye mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ni ba ni da matsala da kowane mudu mutum ya ɗauko. Sharaɗina ɗaya ne: ka faɗe shi kafin ka ambaci suna, sannan ka yarda a auna kowa da shi, ko da zai kayar da naka.

Mudun da ya fi farin jini shi ne ƙidayar kofuna, ko zobba, tunda zobe ake bai wa kowane ɗan wasan da ƙungiyarsa ta ci gasar NBA. Jordan yana da shida tare da Chicago Bulls, daga 1991 zuwa 1993, sai 1996 zuwa 1998. LeBron huɗu. Masoyan Jordan sukan tsaya a nan su kaɗe riga. To amma idan zobe ne magana, ai Bill Russell na Boston Celtics ya ci kofi 11 a cikin kakar wasa 13, yatsun hannunsa ma ba su ishe shi ba. Da ka kawo wannan sai a ce ai a yawancin zamaninsa ƙungiyoyi takwas ne ko tara a gasar, turmi biyu kawai za ka tsallake a yawancin shekarun ka ɗaga kofi, alhali yanzu ƙungiyoyi 30 ne kuma turmi huɗu. Gaskiya ne. Sai dai mai wannan hujjar, ba tare da ya ankara ba, ya amince cewa ba a ƙirga kofi haka nan sai an duba yanayin da aka ci shi. Kuma akwai Robert Horry, wanda ya tara zobe bakwai a Houston da Lakers da San Antonio, ya fi Jordan da ɗaya, ga shi matsakaicin makinsa a wasa bai wuce bakwai ba, ba a kuma taɓa zaɓarsa cikin taurarin shekara ba. Ban taɓa jin mai hankalin da ya ɗora shi a kan Charles Barkley ba, wanda ya yi ritaya hannu rabbana.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da kuwa na Jordan ne. A 1986 ya zuba wa Boston maki 63 a wasa guda na zagayen sili-ɗaya-ƙwale, adadin da har yau ba a wuce ba a wannan mataki, amma aka doke ƙungiyarsa a wannan wasan. A 1988 shi ne gwarzon ɗan wasan shekara, shi ne gwarzon mai tsaro, shi ne ya fi kowa maki, kuma Detroit Pistons suka kore shi gida. Suka sake a 1989, suka sake a 1990. Sai da Scottie Pippen ya nuna, Phil Jackson ya karɓi horarwa ya kafa tsarinsa, sannan kofi ya zo. Shin Jordan na 1988 bai kai Jordan na 1998 ba ne, wanda ya kai shekara 35 kuma tsallen ya ragu? Abokan aiki ne suka sauya.

Akwai wani reshen wannan hujja da ya fi ba ni mamaki: wai Jordan ya je wasan ƙarshe sau shida bai taɓa faɗuwa ba, shi kuwa LeBron ya je sau goma ya sha kashi a shida. Idan ka bi wannan lissafi zuwa ƙarshensa, ma'anarsa gara a cire ka tun zagayen farko da ka kai ƙofar kofi ka rasa. A 2007 LeBron, yana ɗan shekara 22, ya ja wata ƙungiyar Cleveland da ba ta da wani tauraro na biyu har wasan ƙarshe, San Antonio ta share su huɗu babu ko ɗaya, a karawar da wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke ɗaukar kofi. Da a ce Detroit ta tsayar da shi a zagayen da ya gabata, da tarihinsa ya fi tsabta a idon masu wannan ƙidaya. Inda ya cancanci zargi na gaske shi ne 2011, lokacin da yake Miami tare da Dwyane Wade da Chris Bosh, ya yi sanyi a gaban Dallas a lokacin da ake buƙatarsa. Wannan tabo ne, kuma Jordan ba shi da irinsa. Amma a rubuta wa LeBron 2016 ma, da ya farfaɗo da Cleveland daga ci uku da ɗaya ya kayar da Golden State, ƙungiyar da ta ci wasa 73 cikin 82 a wannan kaka.

Masu mudun alƙaluma kuwa, sai su yi haƙuri su durƙusa wa Wilt Chamberlain. Maki 100 a wasa ɗaya, ranar 2 ga Maris 1962. Matsakaicin maki 50.4 a tsawon kakar 1961 zuwa 1962. Babu wanda ya ko kusanci wannan. Abin lura, a wannan shekarar 'yan wasan gasar ne da kansu suke kaɗa ƙuri'ar gwarzon shekara, kuma Russell suka bai wa, mutumin da bai kai maki 20 a wasa ba. Su da suke goga kafaɗa da mutanen biyu sun san wani abu da takarda ba ta nuna mana. Wani ɓangarensa ma ba a rubuta shi ko kaɗan, domin sai a kakar 1973 zuwa 1974 NBA ta fara ƙirga tare ƙwallo a sama da ƙwace ta a hannun abokin hamayya. Aikin da Russell ya fi kowa iyawa babu littafin da ya adana adadinsa. Hatta kyautar gwarzon wasan ƙarshe sai a 1969 aka ƙirƙiro ta, shekararsa ta ƙarshe, kuma Jerry West aka bai wa duk da ƙungiyarsa ce ta faɗi. Yau sunan Russell ne a jikin kyautar, shi da bai taɓa karɓarta ba.

Zamani riga ne. A farkon shekarun 1960 ana wasa da gudu, ana yawan jifa, ƙungiya takan ci kusan maki 119 a wasa. A ƙarshen shekarun 1990 ko 100 ba a kaiwa, saboda mai tsaro yana da damar ɗora maka hannu yana tuƙa ka, abin da aka tsananta hana shi a 2004. Layin jifa mai maki uku sai a 1979 ya shigo NBA. Kareem, a shekara 20 da ya yi yana wasa, sau ɗaya tak ya ci irin wannan jifa. Stephen Curry ya ci 402 a kaka guda. Wanda ya jera waɗannan lambobi a layi ɗaya ya ce zai fitar da zakara, tamkar mai kwatanta albashin kakansa ne da nasa bai tambayi kuɗin buhun gero a kowane lokaci ba.

Sai mudun daɗewa, wanda shi ne makamin mutanen LeBron, kuma makami ne mai kaifi. Ya shiga gasar a 2003 kai tsaye daga sakandare, ya haura maki 40,000 a Maris 2024, ya kai wasan ƙarshe sau takwas a jere daga 2011 zuwa 2018, har ya taka fili ɗaya da ɗan cikinsa Bronny. An haife shi a Disambar 1984, watanni bayan Kareem ya hau karagar da shi ya zo ya sauke shi. Riƙe jiki da hankali a wannan mataki fiye da shekara ashirin baiwa ce da horo, ba na raina ta. Amma jimillar maki kaɗai ta ɗora Karl Malone na Utah Jazz, mai 36,928, a kan Jordan mai 32,292, kuma babu ko mutum ɗaya a Utah da zai rantse a kan haka. Kareem ya yi shekara huɗu a jami'ar UCLA kafin ya fara tara nasa, Jordan ya yi uku a North Carolina, ya kuma ajiye wasan sau biyu yana da sauran ƙarfinsa. Tarin maki yana auna yaushe ka fara da yaushe ka daina kamar yadda yake auna gwaninta.

To ni wane mudu na riƙe? Ina duba tazarar da mutum ya bai wa tsaransa, waɗanda suka yi wasa da doka ɗaya da ƙwallo ɗaya, a cikin shekarunsa bakwai ko takwas mafiya kyau, a kai hari da tsaro duka biyun, musamman a wasannin da in ka faɗi ka tafi gida. A wannan ma'auni Jordan nake sa wa a gaba. Sau goma yana fin kowa maki a gasar, sau tara ana sa shi a sahun farko na masu tsaro, kuma matsakaicinsa yana tashi daga 30.1 a wasannin yau da kullum zuwa 33.4 a zagayen neman kofi, wato yana ƙara zafi daidai lokacin da abokan hamayya suka fi ƙarfi. Ba don zobba shida na zaɓe shi ba. Da ya ci uku ma, matsayina ba zai motsa ba.

Tunda na ce a auna kowa da mudu ɗaya, bari in faɗi inda nawa yake yoyo. Da Jordan ya ajiye wasan a 1993, daga baya ya koma ƙwallon sanda, wato baseball, Chicago ta sauko daga cin wasa 57 zuwa 55 ne kawai. Da LeBron ya bar Cleveland a 2010, ta ruguzo daga 61 zuwa 19. Da ya sake tafiya a 2018, daga 50 zuwa 19. Akwai wasu dalilai da suka haɗu a kowane karo, amma wanda ya ce shi ma'auninsa shi ne me gida yake komawa idan maigida ya fita, ya kuma zaɓi LeBron, ba zan ce masa ya yi son zuciya ba. Tambayoyi biyu ne muke cakuɗawa: wa za ka ɗauka ya buga maka wasa ɗaya da ranka ya rataya a kai, da kuma wa za ka ɗauka ka gina ƙungiya ta shekara ashirin a kansa. Amsar ba dole ta zama mutum ɗaya ba.

Kada mu manta kuma, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ya girma yana kallon kaset ɗin Jordan ba zai saurari kowa ba, yaron da ya buɗe ido da gajerun bidiyon Curry a waya haka shi ma. Sannan duk wannan musu a cikin gasar Amurka muke yinsa. Arvydas Sabonis, ɗan Lithuania da ya ci zinaren Olamfik da Tarayyar Sobiyet a 1988, bai samu zuwa NBA ba sai 1995, ya kai shekara 30 ƙafafunsa sun riga sun lalace. Yanzu da ƙofa ta buɗe, daga 2019 zuwa 2025 babu haifaffen Amurka ko ɗaya da ya zama gwarzon shekara: Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya haifaffen Girka, sau biyu, Nikola Jokic na Sabiya sau uku, Joel Embiid haifaffen Kamaru, sai Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. Wannan ma wani abu ne da ya kamata a sa a sikeli idan ana kwatanta zamani da zamani, kuma ya fi amfanar 'yan yanzu.

Ni ma ina da kukan gidanmu, ba zan ɓoye ba: Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda Houston ta ɗauka a matsayi na ɗaya a 1984, shekarar da aka ɗauki Jordan a na uku. Ba na cewa shi ne ya fi kowa. Cewa nake yi jerin gwanaye goma da babu sunansa a ciki da mudun zobe aka auna shi. A 1994 ya haɗa gwarzon shekara da gwarzon mai tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a kaka ɗaya, shi ne na farko da ya yi haka, kuma babu wani abokin wasansa da aka zaɓa cikin taurarin wannan shekara. Ƙwallo 3,830 ya tare a sama, babu wanda ya kai shi tun da aka fara ƙirgawa. A Fabrairun 1995 yana azumin Ramadan aka zaɓe shi gwarzon wata. A wannan shekarar Houston ta shiga zagayen neman kofi a matsayi na shida a yankinta, ya bi ta kan Malone, ya bi ta kan Barkley, ya wujijjiga David Robinson ana gama miƙa masa kyautar gwarzon shekara.

Abin da ake rage masa daraja da shi shi ne wai ya ci kofunansa biyu ne don Jordan ba ya nan. Na 1994, to, mu bar shi a haka. Amma Jordan ya dawo a Maris 1995, ya buga zagayen neman kofi, Orlando Magic ta su Shaquille O'Neal ta cire shi da ci huɗu da biyu. Wannan Orlando ɗin ce Hakeem ya tarar a wasan ƙarshe, ya share ta huɗu babu ko ɗaya.