Mita shidan da aka sayar muna barci

Ƙarfe goma saura na dare na ji gurnanin inji a gindin kunnena, kamar an kunna injin markaɗe a ƙarƙashin gado. Na ɗaga labulen rumfa. Wata ƙatuwar mota mai ɗaki ce ke shigowa da baya tsakaninmu da maƙwabcinmu na hagu, yaron mai filin yana riƙe da tocila yana kaɗa wa direban hannu: zo, zo, ƙara kaɗan, tsaya. Da ta tsaya, wallahi daga inda nake kwance in na miƙa ƙafa da kyau sai na taɓa tayarta. Wurin da aka dasa ta kuwa ba gurbin kowa ba ne. Ciyawa ce da aka bari fayau tsakanin zango da zango, wadda yarana suka wuni suna buga ƙwallo a kai.

Abin da ya kai mu can shi ne hutun ƙarshen watan Agusta, wanda a Ingila ake haɗa Asabar da Lahadi da Litinin a huta, kowa ya kwashi iyalinsa ya nufi bakin teku. Surukata Hajiya ta zo daga Katsina ganin jikoki, ta yi wata biyu a Manchesta ba ta ga komai ba sai falo da asibiti da shagon nama. Na ce bari a fitar da ita ta sha iska. Na ari karaban a wurin wani abokin aikina Bature, wato ɗakin kwana mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, da gadonsa da murhunsa da firijinsa da ɗan banɗaki. Muka kama hanyar gaɓar tekun Yorkshire, muka sauka a wani fili na ɗan kasuwa da ba zan kama sunansa ba. Fam 45 kowane dare, na biya na kwana uku tun watan Yuni. Hajiya da uwargida da 'yan mata suna cikin karaban, ni da babban ɗana muna rumfar tanti da ake maƙalawa a gefen ƙofa, don ba zan kwana ɗaki ɗaya da surukata ba ko da a duniyar wata ne.

Ranar da na je ɗaukar karaban ɗin, mai shi ya tsayar da ni a ƙofar gidansa ya yi mini karatu kamar zan zana jarrabawa. Yadda ake juya tukunyar gas, yadda ake warware wayar lantarki gaba ɗaya kada a bar ta a naɗe ta yi zafi, sannan abin da ya maimaita har sau uku: mita shida. Ya ce duk inda ka sauka, ka tabbata daga bangonka zuwa bangon maƙwabci akwai mita shida. Har tef ɗin awo ya nuna mini a aljihun tebur. A lokacin dariya na yi a zuci, na ce su Turawa da awo, har barci ma sai an gwada.

To a daren nan tef ɗin na ɗauko. Bango zuwa bango, mita uku da santimita saba'in. Daga zanen rumfata zuwa jikin motar, mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Motar irin ta ƙasashen Turai ce inda ake bin hannun dama na titi, don haka ƙofarta tana ɓangaren dama, tana kallon tamu ido da ido. In matar gidan ta buɗe ƙofa da safe, tana ganin abin da ke cikin kofin shayina.

Wannan mita shida ba ƙa'idar abokina ba ce, ba kuma fi'ili ba ne. A Ingila akwai doka tun 1960 da ta ce mai irin wannan fili sai ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, kuma hukumar tana gindaya masa sharuɗɗa. A 1983 gwamnati ta fitar da tsarin da ƙananan hukumomi ke dubawa wajen rubuta sharuɗɗan filayen matafiya, kuma abin da ke ciki ba shi da wuyar fahimta. Iyali da iyali, a bar mita shida. An yarda ka ajiye motarka ko ka kafa rumfa a cikin wannan tazarar, amma da sharaɗin a bar mita uku fili fetal babu komai. Kada a haura karaban 75 a hekta ɗaya. Kada wani ya yi nesa da wurin kayan kashe gobara fiye da mita 90. Manyan ƙungiyoyin masu wannan harka guda biyu, Camping and Caravanning Club da aka kafa a 1901 da Caravan and Motorhome Club da ta samo asali a 1907, duk suna riƙe da mita shidan nan a filayensu, har a wasu filayen ana kafa ɗan turke a gurbi don ka san inda za ka saita motarka. Filin da muka sauka ba nasu ba ne, amma ai wuta ba ta tambayar katin ƙungiya.

Ku tsaya ku ga da me aka ƙera karaban. Fatar waje siririn ƙarfen alminiyam ne ko roba, ciki katako ne marar kauri, tsakaninsu farin soso mai hana sanyi, kujeru da katifu kuma duk soso. A akwatin gaba akwai tukunyar gas, sau da yawa biyu. Ƙofa ɗaya ce tak. Wato ɗaki ne da aka gina da makamashi, aka ɗora masa gas a goshi, aka ce mutum shida su kwanta. In ya kama, ba ya jiran 'yan kwana-kwana, kafin su baro gari ya zama toka da ƙarafa. Wuta kuma ba sai harshenta ya taɓa ka ba. Zafinta kaɗai yana narkar da tagar roba ta maƙwabci, ya kama zanen rumfa. Tazarar nan ita ce 'yan mintocin da za ka tashi yara, ka kamo hannun tsohuwa, ka fita. Ita ce hanyar da wani zai bi ya janye nasa karaban kafin ta iso shi. Wannan ce mai filin ya duba ya ga ciyawa ce ke zaman banza, ya sayar da ita fam 45.

Kuma ba gobara kaɗai ba. A jikin motar nan, daidai saitin kaina, akwai ramukan da firiji ke fitar da zafi da bututun hayaƙin na'urar ɗumama ɗaki. Tsakar dare sanyi ya sauko suka kunna ta. Ni da yarona muna cikin tanti, mita ɗaya daga bututun da ke hura hayaƙin gas. Kowa a ƙasar nan ya san iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kashe mutum yana barci, shi ya sa ake ta gargaɗin kada a shigar da murhun gawayi cikin tanti ko da ya yi kamar ya mutu. Na tashi yaron na tura shi cikin motarmu, ni ma na bi shi. Fam 45, ga ni naɗe a kujerar direba kamar ɗan kamasho a tasha.

Da asuba na tarar da Hajiya zaune a bakin ƙofa da carbinta, ba ta runtsa ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ba ku samu barci ba ne?" Ta daɗe tana kallon motar kafin ta ce, "Ɗan nan, haka tantunan Mina suke a shekarar da muka je." Hajiya ta yi aikin Hajji a 1997, shekarar da gobara ta tashi a Mina a watan Afrilu, aka ce daga tukunyar gas ta girki, iska ta kwashe ta daga tanti zuwa tanti, sama da mutum 300 suka rasu. Bayan nan ne Saudiyya ta sauya tantunan zuwa waɗanda ba sa cin wuta, waɗanda alhazai ke kwana a ciki yanzu. Ta ce abin da ba ta mantawa shi ne igiyoyi. Ana gudu, igiyar wannan tanti ta sarƙe da ta wancan, ba ka ganin ƙasa, sai dai ka ji ka faɗi. Ba ta ƙara komai ba, ta ci gaba da jan carbi. Tsohuwar da ba ta taɓa jin wani tsari na 1983 ba, kallo ɗaya ta yi ta gane abin da mai lasisi yake nuna bai gane ba.

Ƙarfe takwas ina ƙofar ofis. Matar da ke kan tebur ta yi mini murmushin nan nasu da bai wuce leɓe ba. Na ce an ajiye mota mita uku da ɗoriya daga ɗakin da iyalina ke kwana. Ta ce ai hutu ne, ko'ina a cike yake, mutanen sun yi doguwar tafiya, ba za a kore su da dare ba. Na ce madalla da tausayi, amma kyauta aka ba su wurin? Ta yi shiru. Na ce ina takardar lasisinku, doka ta ce a liƙa ta inda kowa zai gani. Ta nuna mini wani allo a bayan tulin jakunkunan gawayi na sayarwa, takardar ta koɗe da rana, amma mita shida na nan ɓaro-ɓaro a rubuce. Na ɗora yatsa a kai. Sai ta ce wai in na damu, ni in sauke rumfata a samu sarari.

Ni in sauke! Ni da na biya tun Yuni, na saita karaban a kan turkensu kamar mai gwada alƙibla, ni ne zan rushe makwancina don a gyara ɓarnar da kwaɗayinsu ya yi. Wannan shi ne a mari mutum a hana shi kuka. Abin da ya fi ƙona mini rai, a bakin ƙofar filin akwai allo mai dokoki har ya kusa kai ƙasa: kada ka wuce gudun mil biyar, kada kare ya yi yawo ba igiya, a yi shiru daga ƙarfe sha ɗaya, kada a wanke kwano a famfon shan ruwa. Duk dokar da za ta hau kan baƙo suna riƙe da ita gam. Guda ɗaya da za ta taɓa aljihunsu ita ce ta zama abin sassauci saboda hutu.

Mutanen motar ban riƙe su da laifin shigowa ba, inda aka nuna musu suka tsaya. Amma su ma ba su taimaki kansu ba. Wayarsu ta lantarki ta ratsa ta bakin rumfarmu, rabinta naɗe a kan abin naɗi, ƙaramar 'yata ta yi tuntuɓe da ita sau biyu. Ruwan wanke-wankensu suka bar shi yana zuba a ciyawa maimakon su tara a tanki su kai inda ake zubarwa, ya gangaro ƙarƙashin tabarmar da muke salla. Da rana maigidan ya kafa murhun gasa nama a ɗan lungun da ya rage tsakaninmu, tartsatsi na tashi, zanen rumfata na kaɗawa a gefensa. Na je na yi masa magana da lalama, ya matsar da shi taku biyu yana kallona kamar na roƙe shi bashi. Da yake yanzu babu sarari ta bayansu, duk mai zuwa banɗaki daga layin baya sai ya ratso ta gabanmu, Hajiya na cin abinci mutane na wucewa da tawul a kafaɗa. A irin wannan wuri ba katanga ba zaure, mutuncin kowa shi ne a zagaya gurbinsa ko da hanyar ta fi nisa, a yi kamar ba a ga shanyarsa ba. Da aka cusa mu kamar ragunan layya a bayan tirela, wannan ɗan mutuncin ma ya tafi.

Uwargida ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka bar shi haka, kada a ce baƙaƙen nan sun cika rigima." Na san abin da take ji, ni ma na ji shi a ƙirjina tun ina tsaye a ofis. Amma wannan kawaicin ne ke sa a riƙa gwada irin wannan a kanmu. Na lura ba a cusa motar kusa da dattijon nan mai tuta da kujerun lambu ba, wanda da gani ya shekara ashirin yana zuwa. An duba wanda ake ganin sabon shiga ne, ba zai san tef ba. Allah Ya sa abokina mai yawan magana ne.

Ba mu yi kwana na uku ba. Ranar Lahadi da la'asar na sauke rumfar da hannuna, na naɗe waya, na ɗaura karaban, sai da maza uku suka taya ni turawa saboda babu wurin juya mota. Kafin nan na ɗauki hoton tef ɗin a miƙe tsakanin bango da bango, da hoton takardar lasisin, na aika wa sashen da ke ba da lasisi a ƙaramar hukumar yankin tun muna kan hanya. Na nemi mai filin ya mayar mini da kuɗin dare ɗaya. Amsar da ta zo bayan kwana tara layi biyu ce: suna baƙin cikin cewa ban ji daɗin zamana ba, ga rangwamen kashi goma in na sake dawowa. Na karanta wa Hajiya, na fassara mata. Ta ce, "Su riƙe kayansu," ta miƙa wa jikarta kofi a ƙaro mata ruwan zafi.